Damƙin Ƙasa Daga Tudun Shamuwa

Wani ɗan farin zare ne maƙale a gashin matar, daidai bayan kunne, irin wanda ke zarewa daga ƙyallen makoki idan da hannu aka yage shi. Lua ta gan shi lokacin da take taimaka mata shiga kwalekwale. Ta so ta cire mata, amma ba ta saba taɓa baƙi ba, sai ta kawar da kai.

Ranar Talata ce, babu 'yan makaranta. Sauran ranaku su ne ke cika wannan gandun dajin, tsohon fagen yaƙi. A jera su gaban dogon bangon da aka sassaƙa sunayen mayaƙan da suka faɗi a nan, a ba su labarin yaƙin, su leƙa ramukan ɓuya, su sayi ƙanƙara mai zaƙi, su koma motarsu. Ba kasafai ake samun mai son shiga can cikin fadamar ba. Wannan ɓangaren a hannun Lua yake tun da ta gama jami'a. Aikinta ta zauna a goshin kwalekwale tana nuna wa masu kallon tsuntsaye abin da suka zo nema, da murya ƙasa-ƙasa, kuma dama haka muryarta take ko a gida.

Matar ta kusa sittin. Ta ce a kira ta Ut, yadda ake kiran auta a kowane gida, ta ce daga Go Cong ta taso tun asuba. Ta karɓi hayar madubin hangen nesa a rumfar shiga ta rataya a wuya, ga kuma wata jakar leda da ta rungume a ƙirji.

"Yaya Ut, kawo jakar in ajiye miki," in ji Kawu Nam, matuƙin kwalekwalen, yana gyara malafarsa. "Ko gwal ne a ciki? In gwal ne ki faɗa mini tun yanzu, in san inda zan kifar da mu."

Matar ta ɗan yi murmushi, ba ta saki jakar ba.

Lokacin ambaliya ne. Ruwa ya hau har gindin itatuwan da ake ce wa tram, masu ɓawo kamar takarda, ya shafe hanyoyin ƙafa, ya haɗe ramukan da bama-bamai suka haƙa da sauran fadamar. Ba ka gane rami sai ka ga bado ya yi da'ira, tsakiyarsa baƙi wuluk saboda zurfi. Kawu Nam na dafa gora yana tura su a hankali, kainuwa na darewa tana sake haɗewa a bayansu.

"Goggo, dubi can," Lua ta ce. "Kan reshen da ya karye. Zalɓe ne, mai jan wuya."

"To," in ji matar. Idonta na kan gaɓa.

Can gaba garken kirinjijiya ya tashi da fito, wata kififiya ta zame daga kan kututture ta faɗa ruwa. Lua ta nuna, matar ta ce to. Madubin na lilo a ƙirjinta, ko murfinsa ba ta cire ba. Duk inda wata magudana ta ɓullo sai ta miƙe wuya ta bi ta da kallo har su wuce.

"Malamar tsuntsaye, yau dai kasuwarki ba ta ci," Kawu Nam ya ce daga baya. "Yaya Ut, ki yi mata ko da 'kai, ya yi kyau' ne. In ba haka ba yau ba za ta ci abinci ba. Yarinyar nan ta fi sanin dangin zalɓe da nata dangin."

"Kawu, haba."

"Ƙarya na yi? Wa ya zo bikin ɗiyata ya ɓuya a bayan randa?"

Matar ba ta yi dariya ba. Ta juyo gaba ɗaya ta dubi Kawu Nam, sannan ta dubi Lua, kamar tana auna wanda zai fi sauƙin tambaya.

"'Yata," ta ce, "akwai wani wuri a cikin nan inda magudana biyu suka haɗu, da tudu a tsakiya, da ƙafafun hasumiya na kankare?"

Lua ta ji gorar Kawu Nam ta tsaya a cikin laka.

"Me ya sa, Goggo?"

"Ni ba kallon tsuntsu na zo ba. Kun riga kun gane." Ta shafa jakar. "Innarmu ta rasu shekaranjiya. Gobe da sassafe za a binne ta, malamin haikali ya riga ya zaɓi sa'a, kuma a gobe za a rufe kabarin da siminti. Yayana Tu a nan ya faɗi, bai cika ashirin ba. Ba a kawo mana ko takalminsa ba. Wani abokinsa da ya tsira ne ya zo ya kwatanta wa Inna wurin, ita kuma ta yi ta maimaita mini har na haddace. Abin da ta roƙe ni ke nan a ƙarshe. In ɗebo damƙin ƙasa daga inda ya kwanta, a zuba a gefenta."

"Ai da kin faɗa a ofis, Yaya," in ji Kawu Nam. "Masu irin wannan zuwan har shayi ake ba su."

"Sunansa ba ya kan bangonku."

Wani kifi ya yi tsalle a bayan kainuwa.

"Na ɗaya ɓangaren ne," ta ce. "Su ne ke gadin hasumiyar. Kama shi aka yi a kasuwa aka sa masa kaki, ya je sayo wa Inna gishiri."

Kawu Nam ya cire malafa ya sosa ƙeya. "Babana yana kan bangon," ya ce. "Can ƙasa, inda ruwan sama ke fantsama masa laka. Shi ma ban san a wace kusurwa yake kwance ba. Wataƙila suna can tare suna musu a kan wa ya fara." Ya mayar da malafar. "Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Bari mu ɗan tsaya a rumfar kallo ki miƙe ƙafa."

Rumfar kallon ta gora ce, an kafa ta a kan turaku a tsakiyar ruwa. Matar ta hau a hankali, ta zauna a inuwa tana danna wayarta, ana tambayarta daga gida inda aka ajiye manyan tukwane. Lua da Kawu Nam suka tsaya ƙasa a kwalekwale.

"Tudun shamuwa take nufi," ya ce a hankali.

"Na sani."

"In ajiye ta a gefe, ta ɗiba, mu fito. Kafin ki tofa yawu an gama."

Lua ta girgiza kai. Shekaru da dama babu shamuwa ko ɗaya a gandun, masu kwasar ƙwai sun kore su. Bara waccan suka dawo, suka zaɓi itatuwan da suka tsiro a kan tudun. Bara kuma wani mai ɗaukar hoto ya lallaɓa ya sauka a can, shi ma ya ce ɗan lokaci kaɗan. Iyayen suka tashi gaba ɗaya, hankaki suka sauko kan ƙwai, 'ya'yan da suka firgita suka yi ta faɗowa ruwa, guza na jiransu a ƙasa. Lua ce ta bi da kwalekwale washegari tana tsince gawarwakin. Ita ce kuma, da muryar nan tata da ba a ji, ta yi ta zarya ofis har aka yarda aka kewaye tudun da igiya. Yanzu ƙwai bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba, 'ya'yan ko gashin kirki ba su yi ba.

"Ba zai yiwu ba, Kawu. Sai nan da wata biyu."

"To hau ki gaya mata."

Lua ta ɗaga kai. Ta tsakanin gorar daɓen tana hango ƙafafun matar, cikin takalmin roba, diddigen duk faso. Ta gwada maganar a ranta. Goggo, ba za a shiga ba. Goggo, saboda tsuntsaye. Ta ji yadda za ta fito, ta ga yadda fuskar matar za ta yi, ta san me matar za ta ɗauka: don na ɗaya ɓangaren ne aka fake da tsuntsu.

"Akwai tsohuwar madatsar ruwan nan ta yamma," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ita ma magudana biyu ne. Ita ma da kankare."

Kawu Nam ya daɗe yana kallonta. "Ke? Ke da ko mangwaro kika saya da tsada sai kin faɗa wa uwarki gaskiyar kuɗin?"

"Ba ta taɓa ganin wurin ba."

Ya tofar da yawu a ruwa, ya yi ajiyar zuciya. "Laka dai laka ce," ya ce, kamar da kansa yake. "Ambaliyar shekara hamsin ta gauraya ta. Ƙila ma yanzu ƙasar yayan nata ta fi yawa a can ɗin." Ya ɗaga murya. "Yaya Ut! Sauko mu je, rana na yi."

Madatsar ta daɗe da rushewa. Ginshiƙai biyu ne suka rage, gansakuka ta rufe su, sai ɗan tudu mai faɗin tabarma uku da ciyawa a kai. Matar ta miƙe tsaye tun kafin kwalekwalen ya tsaya, har sai da Lua ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Nan ne?"

Ba Kawu Nam ta tambaya ba. Lua ta gyaɗa kai.

"Ashe ƙarami ne haka," in ji matar. "A bakin Inna ya fi haka girma."

Ta cire takalmi ta sauka. Ta buɗe jakar, ta fara ciro farin ƙyallen ta ɗaura a goshi. Ta shimfiɗa ganyen ayaba, ta jera abin da ta kawo: ƙullin shinkafa mai danƙo da ayaba a ciki, busasshen kifi, kofi da madara da ta ƙulla a leda, ta juye shi a ɗan kofin tangaran. Ta kunna taba ta soke a ƙasa. Ta kunna turaren tsinke, damin gaba ɗaya, ta ɗaga shi daidai goshi da hannu biyu. Lua ta koma gefe ta tsaya a bakin ruwa, hannayenta a harɗe.

"Yaya Tu, ni ce, Ut," matar ta ce, da irin muryar da ake ta da mai barci. "Ba za ka gane ni ba. Na tsufa, na fi ka tsufa nesa ba kusa ba, yanzu sai dai ka ce mini Goggo. Ga kofinka, na zuba madara da yawa yadda kake satar ta Inna. Taba kuwa irin taka an daina yi, ka yi maneji da wannan." Ta ja hanci. "Inna ta tafi, Yaya. Ba ta sha wuya ba. Ta ce in zo in tafi da kai. Gidan yana nan inda ka sani, sai dai an yi titi, bishiyar gwandar nan kuma ta faɗi."

Ta soke turaren, ta ciro kwalba mai murfi, ta sa hannu ta ɗebi ƙasa ta cika ta. Sannan ta fito da ɗan faranti da tsofaffin kwabbai biyu masu huda a tsakiya, kowanne an shafa wa fuska ɗaya farar ƙasa. Lua ta san wannan, kakarta ma haka take yi. Ba a ɗaukar mamaci daga makwancinsa sai an tambaye shi. A jefa kwabban a faranti: in ɗaya ya nuna fari ɗaya baƙi, ya yarda. In suka zo iri ɗaya, bai yarda ba. Kuma ba a wuce tambaya uku. Ta manta da wannan sarai lokacin da take ƙarƙashin rumfar, sai yanzu da ta ji ƙarar farantin.

"In ka yarda ka biyo ni, ka nuna mini."

Kwabban suka yi ƙara suka kwanta. Baƙi da baƙi.

"Farantin a karkace yake, Yaya," in ji Kawu Nam daga kwalekwale. "Gyara masa zama."

Ta gyara. Ta sunkuyar da kai ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta sake jefawa. Baƙi da baƙi.

Lua ta kawar da kai. Kwabo dai kwabo ne, ta gaya wa kanta, ko a ina aka jefa shi haka zai iya faɗuwa. Ta ƙura wa wani fankon dodon koɗi ido a bakin ruwa, tana roƙon abin da ba ta san sunansa ba ya juya kwabo ɗaya kawai.

"Yaya, kada ka yi mini haka," matar ta ce. "Mota uku na hau. Gobe za a rufe."

Ta jefa na uku. Ɗaya ya yi ta juyi a bakin farantin kafin ya kwanta. Baƙi da baƙi.

Matar ta zauna a kan dugaduganta. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hayaƙin turaren, sannan ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da dama ta sani.

"Fushi yake," ta ce. "Kuma da gaskiyarsa. Da yaƙi ya ƙare, Inna ta ƙone hotonsa na kaki, shi kaɗai ne muke da shi. Duk wanda ya tambaya sai mu ce ya tafi Saigon neman aiki bai dawo ba. Ni da bakina na sha faɗa. Ko sau ɗaya ba mu zo nan ba. Yanzu da muke da buƙata mun zo da kofi."

"Haba Yaya, matattu ba sa riƙo," in ji Kawu Nam.

"Ba ka san shi ba. Ya taɓa yin wata guda bai yi mini magana ba don na saki tsuntsunsa daga keji."

Ta buɗe kwalbar ta juye ƙasar a inda ta ɗebo ta, ta daddanna da tafin hannu har wurin ya koma daidai. Ta zuba kofin a ƙasa, ta gutsuttsura shinkafar ta watsa wa kifi, ta ɗauraye kwalbar a ruwa.

"Ba zan ɗauke ka dole ba. An riga an yi maka dole sau ɗaya. Inna sai ta tafi ita kaɗai."

Lua ta ji idon Kawu Nam a kanta. Ta yi niyyar faɗin gaskiya. Ta buɗe baki, matar ta miƙo mata hannu don ta taimaka mata shiga kwalekwale, sai ta kama hannun kawai.

A hanyar komawa babu mai wasa. Da suka iso mararrabar da za ta kai su bakin gaɓa, Kawu Nam ya dafa gora ya karkata hagu. Lua ta waiwaya. Bai dube ta ba, yana kallon sama kamar mai duba hadari. Ta san inda hanyar hagu ke bi, kuma ba ta ce ya juya ba.

Tun kafin a ga tudun ake jin sa. Wani irin gunji ne, kukan ɗaruruwan 'ya'ya masu jin yunwa da ƙwas-ƙwas ɗin bakunan iyaye, ga ƙarni na kifi da kashin tsuntsu. Sai itatuwan suka buɗe. Kowane reshe da sheƙa, kowace sheƙa da shamuwa tsaye, farare masu baƙin fiffike, wasu na sauka da ƙafafu a miƙe, wasu na tashi. Kawu Nam ya tsayar da kwalekwalen a bakin igiyar da aka ɗaura wa robobi tana yawo a kan ruwa.

"Kai," in ji matar. Karon farko ke nan da ta ɗaga kai sama tun safe. "Duk waɗannan?"

Ta laluba madubin, ta kasa cire murfin. Lua ta cire mata, ta juya mata shi daidai, ta murza har ya washe.

"Me ya sa waccan ta buɗe fiffike ta tsaya kamar mai shanya?"

"Inuwa take yi wa 'ya'yan, Goggo. Fatarsu ba ta jure rana. In ta gaji ubansu ya karɓe ta."

"Bakinta bai rufuwa."

"Haka aka halicce su. Da shi suke riƙe dodon koɗi."

Matar ta yi ta bi reshe-reshe, har ta ɗan yi dariya da ta ga wani ɗa ya cusa kai cikin bakin uwarsa. Sannan madubin ya fara sauka. Ya bi gangar itatuwan, ya iso gindinsu, ya tsaya. A can, cikin inuwa, ƙafafu huɗu na kankare ne a tsaye, sun yi fari fat da kashin tsuntsu, ƙarfe ya leƙo daga kan kowanne. Magudana ɗaya ta zo daga gabas, ɗaya daga arewa, suka haɗu a gaban tudun.

Ta daɗe ba ta sauke madubin ba. Da ta sauke, ba ta juyo ba.

"Wancan fa?"

"Nan ne, Goggo," Lua ta ce. Da ƙyar ita kanta ta ji muryarta.

"Can ɗin da muka je fa?"

"Madatsar ruwa ce." Sai maganar ta ɓalle mata a hargitse, mai hoto, hankaki, guza, igiyar, wata biyu. Ta ce ta ji tsoro kada Goggo ta zaci don ɓangaren da yake ne. Ta ce ba ta tuna da kwabban ba. Tana faɗa tana jin yadda kowace kalma ke ƙanƙancewa kafin ta isa.

Matar ta bari har ta gama.

"Ashe ba fushi yake ba," ta ce a hankali. "Ba ya wurin ne kawai." Ta shafa fuska da tafin hannu, ta juyo ta dubi Lua sosai. "'Yata, me ya hana ki ce mini a'a? Ni na saba da a'a. Tun ina ƙaramata ake ce mana a'a, ba ta taɓa kashe ni ba. Amma kika tsaya kina kallona ina yi wa kankaren madatsa hira, ina ba shi labarin gwanda."

"Laifina ne ni ma, Yaya," in ji Kawu Nam.

"Kai ka yi shiru, kai ka kawo ni nan."

Lua ta sa hannu a ruwa ta kama igiyar, ta ɗaga ta sama da kanta. "Kawu, tura mu shiga."

Ya tura. Goshin kwalekwalen ya wuce ƙarƙashin igiyar. Nan take shamuwar da ke itacen farko suka daina abin da suke yi, suka miƙe wuya. Ɗaya ta buga fiffike ta tashi, biyu suka bi ta. Gunjin ya canja, ya yi sama. A wani busasshen reshe can gefe, hankaka ya gyara tsayuwa.

"Tsaya," in ji matar.

"Goggo, da sauri za mu..."

"Na ce tsaya. Koma baya."

Kawu Nam ya ja gorar. Kwalekwalen ya dawo, Lua ta saki igiyar ta faɗa ruwa. Shamuwar suka yi kewaye biyu a sama, suka sauko ɗaya bayan ɗaya.

"Ko na sauka, da me zan tambaye shi?" matar ta ce. Ta buɗe bakin jakar ta nuna musu: kwalba, faranti, ganyen ayaba a naɗe. "Turaren na ƙone shi duka. Kofin na zubar. Tambaya uku na yi ta yau, na gama. Haka zan je masa hannu biyu, bayan shekara hamsin, in kwashe shi kamar mai satar yashi?" Ta dubi tudun. "Da kin faɗa mini tun safe, da daga nan ma ya ishe ni. In kunna turarena a bakin igiyar nan in kira shi, ai yana da kunne. In ya yarda, wannan mai surutun ya zura gorarsa ta can ƙasa ya lakato mini abin da ya samu. Ba sai an ta da kowa ba."

Lua ta dubi gorar, ta dubi tazarar da ke tsakanin igiyar da inda lakar tudun ta fara. Ba ta wuce tsawon gorar ba. Ko sau ɗaya wannan bai zo mata a rai ba.

"Ana sayar da turare a bakin bango," ta ce. "Kofi ma akwai. Mu je mu dawo, Goggo, ba nisa."

Matar ta kwance farin ƙyallen daga goshinta, ta ninke shi, ta sa a jaka. Ta juya ta fuskanci tudun, ta haɗa tafin hannu a ƙirji, ta sunkuya sau uku. Leɓɓanta na motsi, amma gunjin shamuwa bai bar kowa ya ji ba. Har tudun ya ɓace a bayan itatuwa tana zaune a juye tana kallonsa.

Rana ta take tsaka lokacin da suka iso gaɓa. Tun kafin Kawu Nam ya ɗaure kwalekwalen Lua ta yi tsalle ta fita.

"Goggo, ki zauna a inuwar nan. Yanzu zan dawo. Ki jira ni."

Ta ruga. Ta wuce ramukan ɓuya, ta wuce dogon bangon, ta sami mai turaren tana gyangyaɗi a rumfarta. Ta sayi dami ɗaya, ta tsaya wajen mai kofi tana taka ƙafa yayin da ruwan ke ɗiga ta matacin ɗis, ɗis, kamar ba zai ƙare ba. Ta ce a ƙara madara. A ranta tana ta shirya abin da za ta ce: tambaya ukun can ba a kansa aka yi ba, don haka ba sa cikin lissafi, in motar rana ta wuce akwai ta la'asar, in ita ma ta wuce, za ta kai ta har Go Cong a babur ɗinta.

Da ta dawo, Kawu Nam kaɗai ne a bakin ruwa, a tsugune, yana wanke laka daga gorarsa. Ya nuna mata hanya da haɓa.

Can a kan doguwar hanyar da ta bi saman gaɓa zuwa titi, matar na tafiya, ba sauri ba kuma ba a hankali ba, jakar ledar na lilo a hannunta. Lua ta buɗe baki ta kira, muryar ba ta wuce rumfar shiga ba. Motar rana ta ɓullo daga kwana tana hon. Matar ta ɗaga hannu, motar ta tsaya, ta kama ƙarfen ƙofa ta hau.